MAI TA'AZIYYA: Shafi na 23

Sallama gare ku jama'a. Kafin mu shiga, masu turo min saƙo wai mutumin nan ya burge su, wai akwai shi da hankali da iya magana, wallahi kun fara ba ni tsoro. Har da wata baiwar Allah mai tambaya ko yana da mata. Haba 'yar uwa! To yau ga ki ga shi, sai mu gani.

Sababbin shigowa, ku riƙe wannan: Hammawa mai fataucin shanu a Dilimi ya ɓata tun farkon daminar 2005. Danginsa sun haƙura, sun sa Juma'a mai zuwa a yi zaman makoki. Matarsa Murjanatu ce kaɗai ta ce ba ta yarda ya mutu ba. Mutumin nan kuwa, wanda aka kama da laifin kashe mutane yana zuwa makokinsu, yana tsare a gidan yari.

* * *

Ruwa ya ɗauke amma sanyi bai saki gari ba. Murjanatu ta ƙara jan mayafinta tana kallon layin da ke ƙofar gidan yarin, ta rasa inda ƙarshensa yake.

Ka rantse rabon wani abu ake yi. Mata da kuloli, samari da jaridu a hammata, 'yan acaɓa sun jera babura da hoton mutumin liƙe a jikin tanki. Wani mai faifan bidiyo ya kafa tebur yana ta kwakwazo.

"Ga shi da bakinsa! Yadda ya yi wa na farko, yadda ya yi wa na ƙarshe! Ba a sayar wa yara!"

Mata biyu a bayanta suna ta hira abinsu.

"An ce idonsa ja ne kamar garwashi."

"Ƙarya ne, ni na gan shi a kotu. Ga tsafta, ga ladabi, har rusunawa ya yi ya gaida alƙali."

"Mutum arba'in fa aka ce!"

"Tara ne, 'yan jarida suka ƙara."

"To ke me kika kawo masa?"

"Alale. An ce yana so."

Murjanatu ta waiwaya ta dubi mai alalen sama da ƙasa.

"Baiwar Allah, a cikin taran nan akwai naki?"

Matar ta yi tsuru-tsuru, ta rungume kularta.

"Maman Aisatu! Zo ta nan!"

Chundung ce, cikin kakin aiki, tana ɗago mata hannu ta ƙaramar ƙofa. Katanga ɗaya suka yi a Anguwan Rukuba shekara da shekaru, kafin rikicin 2001 ya sa kowa ya kwashe kayansa ya koma cikin nasa. Yanzu ma'aikaciyar gidan yarin ce, ita ta roƙa mata izinin ganinsa.

"Tun safe kina nan? Kai, yi haƙuri, oga bai shigo da wuri ba." Ta riƙo hannunta ta ji shi kamar ƙanƙara. "Su Dada surukarki sun san kin zo?"

"Na ce musu asibiti zan je."

"To ki ji ni da kyau. Kar ki bari ya ja ki da surutu. Tambaya ɗaya, amsa ɗaya, ki tashi. Mutumin nan in ya samu kunne ba ya saki."

"Ni dai ya ce min e ko a'a. In ya kashe shi, in shiga takaba. In bai kashe shi ba, babu mai shimfiɗa tabarma a gidana."

Ɗakin ƙarami ne, benci biyu da tebur a tsakani, taga ɗaya can sama. Da aka shigo da shi, Murjanatu ta ƙura masa ido.

Ba dodo ba ne. Ɗan tsamurmurin mutum ne mai furfura a gefen kai, farcensa a yanke tas. Kuma ta san shi. Duk wata mace a Dilimi ta san Malam Zubair mai gyaran risho, kamar yadda matan Anguwan Rukuba suka san shi da Baba Datong. A can hular sanyi yake sawa da littafin waƙoƙin coci a aljihu, a nan ya fito da carbi. Shekaru yana haka babu wanda ya gane, don mutanen unguwannin biyu sun daina shiga makokin juna, balle wani ya gan shi sau biyu.

Ya zauna a hankali, sarƙar hannunsa ta yi ƙara a kan tebur. Ya yi murmushi.

"A'a, Murjanatu. Ya risho? Lagwanin da na sa miki bai sake hayaƙi ba ko?"

Ta ɗaure fuska.

"Ba gaisuwa ta kawo ni ba."

"Ai na sani. Amma gaisuwa ba ta ɓata komai. Ya Aisatu? Tarin nata ya lafa?"

"Kar ka ƙara kama sunan 'yata!"

"To, na bari."

"Ina mijina?"

Ya karkata kai yana kallonta, irin kallon da yake wa risho kafin ya kwance shi.

"Kin san ke kaɗai ce kika zo da tambaya mai amfani? Sauran duk tarkace. Wani ya ce in sa masa hannu a jarida. Wata ta ce in yi wa cikinta addu'a, wai ɗan ya zama marar tsoro. Jiya wani ɗan jami'a ya zo da rikoda, wai me nake ji a raina in na gama."

"Ka kashe shi ko ba ka kashe shi ba?"

"Ni ban taɓa kashe mai rai ba."

Chundung ta yi tsaki daga bakin ƙofa.

"Kin ji ko? Ya fara. Maman Aisatu, tashi mu tafi."

"Madam, bar ta mana. Ita ta zo da ƙafarta." Ya dawo da idonsa kan Murjanatu. "Me mutanen gari suke cewa ina yi?"

"Kana kashe bayin Allah, ka jefa su a kududdufin kuza, ka je gidan makokinsu ka ci abinci."

"Sun juya lissafin. Makokin ne farko."

Ta taga ana jiyo muryar mai faifai can waje.

"Ban gane ba."

"Za ki gane. In na ɗauki mutum, ajiye shi nake yi. In ba shi ruwa, in ba shi gari da sukari, in rufa masa bargo don wurin akwai sanyi. Sai in ce masa, ɗan'uwa, ni ba ni da matsala da kai. Ranka yana hannun mutanen gidanku. Muddin suna jiranka, kana nan. Ranar da suka shimfiɗa tabarma suka ce ka mutu, to sun yanke hukunci, ni cikawa kawai zan yi."

"Innalillahi wa inna ilaihi raji'un..."

"Kin san garin nan. Tun rikici, in mutum ya ɓata babu mai nema. Na Dilimi su ce ai ya ratsa ta unguwar arna, an gama da shi. Na Rukuba su ce ai Hausawa sun cinye shi. Kowa ya riga ya san wanda ya kashe masa ɗan'uwa tun kafin a kashe shi. Ba a jimawa sai ki ga rumfa da kujeru."

Ya gyara zama, muryarsa ta yi laushi. Jama'a, ni abin da ya fi tayar min da tsikar jiki da mutumin nan ke nan, daɗin labarin yake ji.

"Sai in yi wanka in je. Gidan makoki ba a tambayar mutum wane ne shi. In zauna, a kawo kunu. In ce, ashe haka Allah ya yi? Ya abin ya faru? Sai su ba ni labari tiryan-tiryan. In duba wa ke kuka na gaske, wa ke matsar ido, wa ke leƙen ɗakin mamaci. In koma in zauna kusa da shi in faɗa masa duka. Matarka ta yi kuka sosai. Ƙanenka kuwa agogonka ne a hannunsa."

"Kai ba mutum ba ne."

"Akwai wani malamin makaranta, da na gama ba shi labarin makokinsa, shi da kansa ya miƙo min wuya. Ya ce yi sauri."

Chundung ta dafe bango.

"Jesu! Wannan ba ka faɗa wa 'yan sanda ba."

"Ba su tambaya ba. Su nawa ne, su nawa ne, shi ke nan abin da suka iya."

Tsoro ne ko murna ya kama Murjanatu, ita kanta ba ta sani ba. Ta ce,

"Ni ban yi makoki ba."

"Ba ki yi ba."

"Sun shimfiɗa tabarma na naɗe. Wansa Yaya Salisu ya kawo malamai na kwara ruwa a zauren. Har Dada ta ce na haukace."

"Ina wurin ai."

Ta zaro ido.

"Kin manta? Ranar ce na zo duba risho ba ki kira ni ba. Na yi ta zuwa gidanki, Murjanatu, har na gaji da ƙirƙiro abin da ya lalace. Kullum in leƙa zaure, wayam. Rannan na ce miki, Hajiya a yi haƙuri, rai na Allah ne. Kin tuna abin da kika ce min?"

Ta tuna. Hawaye suka zubo mata.

"Na ce mijina na nan da rai, ka ajiye haƙurinka."

"Kika ƙara min kunu ma. Na je na faɗa masa. Kin ga ƙaton nan mai kayar da bijimi? Kuka ya yi har da majina. Ya ce ai na gaya maka, 'Yar Birni ba ta saki."

Wani sauti ya ƙwace daga maƙogwaronta. Duk duniya babu mai kiranta 'Yar Birni sai Hammawa, shi ma sai sun rufe ƙofa, in yana tsokanarta don ba ta iya tatsar nono ba.

"Yana da rai! Chundung, kin ji? Baban Aisatu yana da rai!"

"Tsaya, tsaya," in ji Chundung. "Kar ki yarda da shi tukuna. Kai, me ya sa kake wannan abu? Me mutane suka maka?"

Ya washe baki, an zo inda yake so.

"Ina yaro na faɗa ramin kuza. Na kwana da yawa a ciki ina ihu. Da na rarrafo na fito na isa gida, sai na tarar ana cin tuwon makokina. Uwata ta gan ni ta ruga a guje, wai fatalwa."

Chundung ta ce, "Ƙarya kake! Satin da ya wuce ka ce wa ɗan jarida matarka ce ta yi aure kana asibiti."

"Shi wancan ya fi son na mata. Ke na ga kamar uwa ce, na ba ki na yaro." Ya ɗaga kafaɗa. "Akwai wani ma, in kina so."

Murjanatu ta buga tebur da tafin hannu.

"Ba ruwana da uwarka! Ina yake?"

"A wurin da na ajiye shi."

"Ina ne?"

"Ramukan kuza nawa ne a ƙasar nan? Ki fara daga Bukuru, in kin gama ki zo in ba ki wata unguwar."

Ta sauko daga bencin ta durƙusa a siminti, ita da ko gaban Dada ba ta cika durƙusawa ba.

"Don girman Allah. Don wanda kake bauta wa, ko a masallaci ne ko a coci. Ka ce ranar da aka yi makoki ne, to ban yi ba. Na cika sharaɗinka. Ka ba ni mijina."

Ya daɗe yana kallonta. Murmushin ya gushe, abin da ya rage a fuskar babu komai a cikinsa, ko ƙiyayya babu.

"Kin ɓata min aiki, kin sani? Kowa yana saki. Kowa. Ke kika sa na fara tunanin ko na yi kuskure a kan mutane, ni kuwa ba na son wannan tunanin."

Chundung ce ta fara farga. Ta matso a hankali.

"Dakata. Ka fi wata a nan. In yana rami, wa ke ba shi ruwa?"

Murjanatu ta ɗago kai da sauri. Ita wannan bai ma zo mata ba.

"Yauwa Madam, yanzu kika yi tambayar ma'aikata." Ya nuna taga da haɓa. "Kin ji su?"

Hayaniyar layin tana shigowa, wani yana rera waƙar da yaran gari suka yi masa, ana dariya ana tafi.

"A da ni kaɗai ne. Ni da jakar kayan gyara, babu mai ce min sannu sau biyu. Ku kuka kama ni kuka buga hotona. Yanzu kullum sai an zo. Yawancinsu 'yan kallo ne, su gan ni su je su ba da labari a wurin mai shayi. Amma akwai masu zuwa su dawo, su sake dawowa. Ba sa dariya. Ido kawai suke zuba min, in gane su, su gane ni."

"Wa ka tura?" in ji Chundung.

"Wani ya roƙe ni har da hawaye, wai in ba shi ko ƙaramin aiki ne ya taya ni. Na ce to ga amana. Ka kai ruwa, ka kai gari. Ka riƙa bi ta ƙofar gidan kullum kana dubawa."

"Sunansa!" Chundung ta daka masa tsawa. "Namiji ne ko mace? Yana cikin layin nan?"

"Ki duba mana. Ai ke ce mai kaki."

"Me ka ce ya yi in ya ga..." Murjanatu ta kasa ƙarasawa.

"Na koya masa komai. Ya yi wanka, ya shiga ya zauna, ya sha abin da aka ba shi, ya tambayi yadda abin ya faru. Kar ya yi gaggawa. In ya ji ya ƙoshi, ya tashi ya je ya ba Hammawa labari." Ya gyara sarƙar hannunsa. "Yana ɗokin abin, ba kamar ni ba. Sabon hannu ne, ina jin ba zai iya yi da tsafta ba."

Murjanatu ta miƙe tana share fuska da gefen mayafi. Muryarta ta dawo da ƙarfi.

"To zai daɗe yana jira. Sun ce Juma'a, ko? Wallahi ko zan kwanta a ƙofar zauren a taka ni, babu tabarmar da za ta sauka. Zan faɗa wa Dada, zan faɗa wa duk Dilimi ɗanta na da rai."

"Haka ne. Muddin kina gidan, babu mai iyawa."

Ya sunkuyo kaɗan, ya rage murya.

"Tun yaushe kika fito?"

Ta juyo ta dube shi.

"Na ji Madam ɗazu a baranda tana cewa kin sha jira. To yau wa ke tsaron zauren?"

Chundung ba ta jira komai ba, ta fisgo hannunta suka yi waje. A baranda ta zaro 'yar wayarta daga aljihun kaki.

"Wa ke da waya a gidanku?"

"Yaya Salisu."

"Faɗi lambar!"

Sai da ta faɗa ta sake faɗa. Wayar ta yi ta ringin babu amsa. Aka sake bugawa. Can aka ɗauka, muryar Halimatussa'adiya ce, ƙanwar Hammawa, a dishe.

"Salamu alaikum, wa ke magana?"

"Sa'a, ni ce! Ina Yaya?"

"Adda Murja? Yana waje wurin maza." Ta rage murya. "Adda, don Allah kar ki yi fushi."

A bayan muryarta Murjanatu na jiyo wani gunji, irin na mutane da yawa in sun haɗa baki. Sai ta ji wani dattijo ya ɗaga murya ya ce Fatiha, aka amsa gaba ɗaya.

"Sa'a, mene ne wannan nake ji?"

"Su Baffa ne suka iso daga ruga da sassafe, sun ce ba za su iya kaiwa Juma'a ba saboda shanu. Da Yaya ya ga kin fita sai ya ce gara a yi yau a huta, kafin ki dawo ki tayar da rigima. Dada ma ta yarda."

"Ku naɗe! Sa'a, ki fita ki naɗe tabarmin nan yanzu! Ki ce su tashi! Yana da rai!"

"Adda, ki yi salati. Jama'a sun cika har bakin titi. Ashe Hamma mutumin mutane ne, har waɗanda ba mu sani ba sun zo. Wani bawan Allah ma tun hantsi yake zaune, ya sa Yaya ya ba shi labari tun daga ranar da Hamma ya fita har yau, yana ji yana hawaye. Har tambaya ya yi wace ce matar mamacin, aka ce kin fita."

Murjanatu ta jingina da bango.

"Ku riƙe shi. Ki ce wa Yaya a riƙe shi, kar a bari ya motsa!"

"A riƙe shi kuma? Ai yanzun nan ya shanye kununsa ya yi sallama. Yaya ma ya ce ya tsaya a ci abinci, ya ce a'a, sauri yake, akwai wanda ke jiransa da labari."